Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kura da Shan Bugu

Wancan makon na tsaya a inda Baffa ya raka ni tasha da akwatin ƙarfe da ƙullin yajin Inna. Niyyata yau in kawo labarin aurena da Hajiya, tunda shi kuka fi tambaya. To daren Talata sanyi ya sauko, gwiwar nan ta hagu ta hana ni runtsawa, kuma duk ranar da ta motsa, maganar Baffa ce ke fara faɗo mini. Don haka aure ya dakata.

Gudu tun ina yaro nake yin sa, tsakanin gida da gonar fadama. A jami'a, shekarata ta biyu, 1987, mai horar da 'yan wasa ya gan ni ina zagaya fili bayan sallar Asuba, ya ce in zo gwaji. Mita 5,000, zagaye 12 da rabi. Na ba wanda ke bi na tazarar kusan rabin fili. A shekarar ce Innocent Egbunike, ɗan tseren Najeriya, ya ci azurfa a mita 400 a gasar duniya a birnin Rum, kuma duk mun san daga wata jami'ar Amurka ya fito, kamar yadda Hakeem Olajuwon, ɗan ƙwallon kwando, ya bar Legas ya tafi Houston tun 1980. Kowa a cikinmu yana ganin kansa a jirgi.

Da na zo hutu na tarar da Baffa a zaure kan buzu, yana sa wa fartanya ƙota. Na ba shi labari ina murna. Bai ɗago ba ya ce, “Nawa za su riƙa ba ka?” Na ce, “Baffa, ba a biya, don sunan makaranta ake yi.” Ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu, sannan ya ce, “Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko ɗan dambe in ya yi kisa, nan cikin fage ake masa kari, kowa na gani.” Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan harkar boko ce, ba zai gane ba. Haka na faɗa, da bakina, ga mutumin da ya sayar da gyaɗarsa ya saya mini akwatin da na tafi da shi. Har gobe kalmar nan tana ci na.

Daga baya aka sa mu a sansani na mako 3, shirin wasannin share fagen shiga NUGA, gasar jami'o'in ƙasa da aka faro tun 1966. Wanda bai yi karatu a lokacin ba ba zai san yunwar ba. Tsarin SAP, na tsuke bakin aljihun gwamnati, ya shigo a 1986, naira ta zube, abincin rangwame na ɗakin cin abinci ya zama tarihi, kowa da rishonsa a ƙarƙashin gado, garin kwaki da sukari safe da dare. Shi ya sa da aka ce akwai alawus na sansani kullum, muka ji kamar an yi mana bushara. Makon farko shayi da burodi da ƙwai ɗaya. Mako na biyu ƙwai ya ɓace.

Ana gobe tafiya jami'in da ke riƙe da kuɗin wasanni ya zo fili da yamma. Ba zan kama sunansa ba, yana da 'ya'ya da jikoki. Ya shimfiɗa takarda a kan murfin motarsa, ya danne da mabuɗi saboda iska. Sunayenmu a buge da tafireta, mu 20 da wani abu, gaban kowane suna gurbi biyu: na kuɗi, da na sa hannu. Gurbin kuɗin fari fat. Ya ce, “Ku sa hannu, kuɗin na hanya.” Na tuna murfin motar da zafi, har na janye hannuna kafin in rubuta. Duk muka sa. Ko sisi ban gani ba har yau.

Ranar tsere da takalmin aro na shiga, ya yi mini yawa, na cusa takarda a gabansa. Filin jan ƙasa ne, an yayyafa masa ruwa. A zagaye na 10 ƙafata ta faɗa wani ɗan gurbi, na ji wani abu ya ce ƙas a gwiwa. Ban tsaya ba, mai horarwa na ihu daga gefe, na ƙarasa na biyu. Kafin magariba gwiwar ta kai girman ƙwarya. Aka rataya mini lambar azurfa, aka ɗauke mu hoto da manyan jami'a, ni a tsaye da ƙafa ɗaya na dafa kafaɗar abokina. Hoton nan shi aka sa a kalandar makaranta, yana rataye a kowane ofis. Rigar wasan kuwa da muka dawo aka ce mu mayar sito, har da ƙirgawa.

Asibitin makaranta suka ba ni ƙwayar rage zafi da bandeji. Gwajin aji biyu sun wuce ni muna sansani. Na je wurin malamin da sanda, na nuna masa takardar izini, ya ce, “Gudu aka aiko ka yi ko karatu?” Na maimaita kwas ɗin. Ofishin wasanni na yi sawu 7, kullum oga ba ya nan, kuma a bayan magatakardan da ke sallamata ga hotona a bango.

Baffa ne ya zo ya ɗauke ni. Muka fara da mai ɗori, abin bai yi ba, sai asibitin ƙashi. Buhun gyaɗa 2 da ragon da ya ajiye don layya, su suka tafi. Ko sau ɗaya bai ce “na faɗa maka” ba. Yana ƙirga kuɗin a bakin taga mai karɓar kuɗi ne kawai na ji ya ce a hankali, kamar da kansa yake: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Shekara 30 ɗin da na yi ina koyarwa ina riƙe da wasanni a sakandare ba ta yau ba ce. Abu ɗaya zan faɗa da alfahari: yaro bai taɓa sa mini hannu a kan gurbin da ba kuɗi ba. Ko naira 200 ce, sai na rubuta ta, na damƙa masa, sannan ya sa hannu.

Abin da ya ƙara tayar da wannan tsohon miki shi ne wani tsohon ɗalibina da ke Amurka yanzu, gudu ya kai shi, jami'a ta ɗauke masa kuɗin makaranta da ci da kwana. Yakan kira ni ta WhatsApp. Shi ya sa na zauna na bibiyi rigimar da suka daɗe suna yi a can da hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, wadda ta ce ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, ba a biyansa. A 2010 hukumar ta sayar wa gidajen talabijin damar nuna gasar ƙwallon kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. Wasu masu horar da ƙwallon jami'a suna karɓar sama da dala miliyan 10 a shekara. Yaran da ake kallo kuwa, a lokacin babu. Tun 1955 wani ɗalibi, Ray Dennison, ya mutu sanadin raunin da ya ji a kai a filin wasa a jihar Kwalarado, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotu ta hana. Da na karanta wannan sai na shafa gwiwata.

Wanda ya fi taɓa ni Ed O'Bannon ne, ɗan ƙwallon kwando da ya ci wa jami'ar UCLA kofi a 1995. Shekaru bayan nan ya ga siffarsa a cikin wasan kwamfuta da ake sayarwa, ba a tambaye shi ba, ba a ba shi komai ba. Ya kai ƙara a 2009. Ni kalanda ce, shi wasan kwamfuta, amma na san abin da ya ji a ƙirjinsa. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su 9, ba wanda ya saɓa, suka yanke hukuncin da ya kayar da NCAA game da ƙayyade tallafin karatu, kuma daga 1 ga Yuli aka bar ɗalibai su ci kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 aka amince da sulhun kusan dala biliyan 2.8 ga waɗanda suka yi wasa a baya, aka kuma bar kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Na san masu cewa kuɗi zai lalata karatu. Wani abokin aikina ya sha faɗa mini haka a ɗakin malamai. Karatun kyauta ba ƙaramin abu ba ne, kullum ina gaya wa yaron nan kada ya raina shi, ya riƙe littafi fiye da takalmi. Amma kuɗin ai ya riga ya shiga makarantar, yana ofis, yana aljihun gardi. Wa'azin kishin makaranta kura kaɗai ake yi wa. Ni ra'ayina a biya su, a rubuta adadin a fili, kuma wanda ya karye a fagen makaranta, makaranta ta yi jinyarsa. Yaron ma ya ce mini kaso mai tsoka na 'yan ƙwallo ne, masu gudu sai abin da ya rage, kuma shi bizar ɗalibi ta ɗaure masa hannu, tallan da abokansa 'yan ƙasa ke yi shi ba halin ya yi a can. Na ce ya yi haƙuri, ya gama digirinsa, ya kula da gwiwarsa.

Jami'in nan na sake ganin sa a wani ɗaurin aure, ya tsufa, ana riƙe da hannunsa. Na gaishe shi, bai gane ni ba. Gwiwa na yafe, ƙaddara ce. Takardar nan ce har yanzu nake roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa.

Baffa kuwa ban taɓa ba shi haƙuri kan maganar zaure ba, kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace. Bayan sadakar bakwai Yaya Babba ya buɗe jakar fatarsa a gabanmu. Takardun gona, carbi, da wani ƙullin tsumma. Aka kwance, sai ga lambar azurfata da na ɗauka ta ɓace tuntuni, an naɗe ta da rasit ɗin asibitin ƙashi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, auren.