Tambayar da malamina ya rubuta da jan biro

Da amsata a hannu na fara rubuta kundin digiri na biyu kan zaɓukan da suka biyo bayan juyin juya halin 2011 a Arewacin Afirka. A ganina lissafin a fili yake: jam'iyyar Ennahda mai ra'ayin Islama ta ci kujeru 89 cikin 217 a Tunisiya, jam'iyyar 'Yan'uwa Musulmi ta kwashe kusan rabin majalisar Masar, to ai jama'a sun zaɓi masu ra'ayin Islama, sun juya wa masu raba addini da siyasa baya. Haka na rubuta babin farko na kai wa malamin da ke duba aikin.

Da ya dawo mini da shi, a gefen wannan jimlar ya ja layi da jan biro, ya rubuta kalmomi uku: "Cikin mutum nawa?"

Na koma kan alkaluman. Ennahda ta samu ƙuri'u kusan miliyan ɗaya da rabi, wato kashi 37 cikin ɗari na waɗanda aka kaɗa, kuma kusan rabin waɗanda suka isa zaɓe ba su fito ba. Abokan hamayyarta sun watse cikin ɗimbin ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu, ƙuri'u masu yawa suka tafi a banza ba tare da kujera ko ɗaya ba. A 2014, da jam'iyyar Nidaa Tounes ta haɗa kan da yawa daga cikinsu, ta samu kujeru 86, Ennahda 69.

Daga nan na gane cewa zaɓen farko bayan mulkin kama-karya ya fi auna wanda ke da tsari a ƙasa fiye da abin da ke cikin zukatan mutane. Tun 1928 'Yan'uwa Musulmi suke a Masar, da asibitocinsu, da ayyukan jinƙai, da ƙarfi a ƙungiyoyin likitoci da injiniyoyi. Ko a zamanin Shugaba Mubarak sun ci kujeru 88 a 2005 a matsayin 'yan takara masu zaman kansu. Matasan da suka yi zanga-zangar 2011 a dandalin Tahrir kuwa watanni kaɗan suka samu su kafa jam'iyya. Duk da haka, a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa a Mayun 2012, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai Mursi, ɗan takarar 'Yan'uwa Musulmi, ya samu.

Ƙuri'ar jin ra'ayi ma na daina ɗaukarta yadda ta zo. Wanda ya girma yana jin cewa bango ma kunne gare shi, ba zai buɗe wa baƙo mai takarda da biro cikinsa ba. "Ban yanke shawara ba tukuna," shi ke nan.

Aljeriya ce ta fi tsaya mini a rai. A zagayen farko na zaɓen majalisa a Disambar 1991, jam'iyyar FIS mai ra'ayin Islama ta ci kujeru 188 cikin 430, alhali ƙuri'unta sun ragu da kusan miliyan ɗaya daga abin da ta samu a zaɓen ƙananan hukumomi na 1990. Tsarin zaɓen ne ya kumbura nasarar. Sojoji suka soke zagaye na biyu a Janairun 1992, ƙasar ta shiga yaƙin basasa na kusan shekara goma. Na daɗe ina kallon waɗannan lambobin biyu a takarda ɗaya kafin na iya sake rubuta babin.