Daga kebul ɗin kamfani zuwa ɗakin barci: yadda muke aikin Wi-Fi na gida

Ina da ɗan kamfani da ke haɗa wa mutane intanet a gidaje da ƙananan ofisoshi, ni da 'yan yarana. Ba mu ne ke sayar da intanet ɗin ba. Aikinmu yana farawa ne daga inda kebul ɗin kamfani ya tsaya, ya ƙare a inda mutum yake zaune da wayarsa. Tambayar da aka fi kiranmu da ita ba ta wuce guda: "Sabis ɗin nan ya ishe ni, wane kamfani zan koma?" Ni kuwa ba na ambaton sunan kowane kamfani sai na yi awo, domin sau da yawa laifin yana cikin gidan ne, kuma wanda ya sauya kamfani bai taɓa komai a gidansa ba, zai sake kirana da kuka iri ɗaya.

Awon ba wani abu ne mai wuya ba. Mukan jona kwamfuta da rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, kai tsaye da kebul, mu gwada gudun. Idan abin da ya fito ya yi kusa da abin da maigida yake biya, to kamfani ya fita. Sai mu cire kebul, mu ɗauki waya mu nufi ɗakin da ake kuka da shi, mu sake gwadawa. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce aikinmu. In kuwa tun a kebul gudun ya gaza, sai in ce masa ya maimaita gwajin da dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna bidiyo, sannan da sassafe. Layin da ke gudu da asuba amma ya riƙa jan ƙafa bayan magariba, cunkoso ne a wajen kamfani, babu rautar da za ta gyara shi.

A wajen zaɓen kamfani, abin da nake fara dubawa shi ne ta wace hanya intanet ɗin zai iso ƙofar gida. Inda faiba, wato kebul mai zaren gilashi da ke ɗaukar bayanai da haske, ta kai, ba na dogon tunani, ita nake ba da shawara, saboda ba ruwanta da nisa irin na tsohon layin tarho na tagulla, wanda gudunsa ke raguwa gwargwadon nisanka da akwatin kamfani. Inda ba ta kai ba, akwai rauta mai ɗaukar sim ta 4G ko 5G, wadda ingancinta ya dogara da nisan turken sabis da yawan masu hawa kansa. Akwai kuma tauraron ɗan'adam. Irin na da yana can sama da kilomita 35,000, shi ya sa magana ke jinkirin fiye da rabin daƙiƙa kafin ta je ta dawo. Irin na Starlink kuwa yana shawagi ne a kusan kilomita 550, jinkirinsa kaɗan ne, amma farantin yana son sarari, bishiya ɗaya ma na iya riƙa yanke shi.

Mutane suna kallon babbar lambar da ke jikin talla, wato gudun saukewa, su manta da na ɗorawa. Mai kiran bidiyo don aiki, da mai tura manyan hotuna, da mai kyamarar tsaro da ke aika hoto waje, duk na ɗorawa ne ke riƙe su. Sai a tambaya: nawa ne shi? Idan an ce "ba iyaka", shin akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu? Yarjejeniyar ta wata nawa ce, kuma me zai faru in ka fasa? In layi ya yanke, kwana nawa kafin a turo mai gyara? Wannan ta ƙarshe ba a wajen ɗan talla ake samun amsarta ba, maƙwabcin da ya riga ka shiga kamfanin shi zai faɗa maka gaskiya. Sannan kada a sayi abin da ya fi ƙarfin buƙata. Bidiyo mai ingancin 4K bai cika wuce megabit 25 a daƙiƙa ba, kiran bidiyo kuma ko biyar bai kai ba. Gida mai mutum biyar ko shida, megabit 100 na gaske ya wadace shi a yawancin lokaci. Na sha ganin masu biyan gigabit guda, wato megabit 1,000, alhali abin da ke isa ɗakinsu bai kai 20 ba.

Inda aikin ya fi yawa shi ne wurin ajiye rauta. Ma'aikacin kamfani yana da gidaje da yawa a gabansa, don haka inda kebul ya shigo nan yake dasa ta, galibi a kusurwar falo ta jikin bangon waje. Rabin sabis ɗin kenan ya tafi titi. Daga baya uwargida ta ga wayoyi sun ɓata mata ado, ta tura ta cikin kabad ko bayan talabijin. Ban ga laifinta ba, na'urorin nan ba kyau gare su ba. Sai dai Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma duk abin da ta ratsa sai ya rage mata ƙarfi. Katako da gilashi na yau da kullum suna ci kaɗan. Bulo ya fi su. Kankare mai rodi a ciki, irin na tsakanin bene da ƙasa, shi ne babban abokin gaba, sai ƙofar ƙarfe, da babban madubi saboda ƙarfen da ke bayansa, da firij, da tankin ruwa.

Ba na jayayya da kowa a kan wannan, waya nake miƙa masa. Akwai manhajar da ke nuna ƙarfin sabis da lamba mai alamar ragi. A gefen rauta za ka ga kamar -40. Sai in ce, "Maigida, riƙe mu taka." Mu bi baranda yana kallo, -55, -60, har yanzu lafiya. Da mun shiga ɗaki mun juya bayan bangon banɗaki mai tayil da bututun ruwa, sai ta faɗa -78, kiran bidiyo ya fara tsayawa. Abin da nake nema a duk inda ake zama shi ne kada ta gaza -67. Daga nan sai in sa yaro ya riƙe rautar a tsakiyar gida, sama da kai, da doguwar waya ta wucin gadi, mu sake bin hanyar. Idan mutum ya ga lambar da idonsa, shi da kansa yake nuna inda za a huda bango.

Rauta ta zamani tana watsawa a zango biyu, 2.4 da 5 GHz, sababbi kuma tun daga Wi-Fi 6E sun ƙara na 6. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma a cike yake: tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma da maƙwabta da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef duk a nan suke. Na 5 ya fi gudu da sarari, amma bango biyu sun isa su gajiyar da shi. A gidan haya mai hawa-hawa, inda waya ke ganin sunayen Wi-Fi ashirin, sauya tasha kaɗai yakan kawo sauƙi.

Game da sayen sabuwar rauta, ina da ra'ayi mai ɗan tsauri. Lambar da ke jikin kwali, irin su AX3000, kusan jimilla ce ta gudun zangunan biyu, megabit 574 da 2402, kuma waya ɗaya ba ta hawa duka biyun a lokaci guda, balle ta samu wannan gudun a bayan bango. Yawan eriya ma ba shi ne nisa ba. Magana ce ta ɓangare biyu: ko da rauta ta yi ihu har ƙarshen gida, wayar da ke aljihu ƙaramar murya gare ta, dole amsarta ta dawo. Abin da nake dubawa shi ne ta kasance aƙalla Wi-Fi 6, wanda ya fito kasuwa a 2019 kuma ya fi iya ɗaukar na'urori da yawa, ramukan kebul ɗinta su zama na gigabit, kuma masu ƙera ta suna ci gaba da fitar da sabuntawa. Wi-Fi 7 ya zo a 2024, yana da kyau, amma wanda wayoyin gidansa ba su san shi ba bai kamata ya yi gaggawa ba. In ta kamfani tana aiki kuma gidan ƙarami ne, nakan ce a bar ta, a matsar da ita kawai.

'Yar na'urar nan da ake soka wa a soket don ta ƙara nisa, ita ce na fi cirewa a gidajen mutane. Da rediyo ɗaya take saurare kuma take maimaitawa, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi. Ga shi kuma a ɗakin da babu sabis ake saka ta, inda ita kanta ba abin da take samu. Waya ta nuna sanduna cike, shafi ya ƙi buɗewa. Tsarin mesh, mai na'urori biyu ko uku masu suna ɗaya, ya fi ta nesa ba kusa ba, amma shi ma sai an haɗa su da kebul yake nuna kansa. Babban gida ko bene, maganinsa kebul zuwa kowane hawa, da na'urar watsawa a silin.

Shi ya sa abin da nake fara koya wa sabon yaro shi ne matse kan kebul. Silli takwas ne a ciki, an murɗa su biyu-biyu, kuma jerin da muke bi ba ya canzawa: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Gigabit yana buƙatar duka takwas ɗin. In ɗaya bai kama ba, layin ba lallai ya mutu ba, yakan koma megabit 100 ne shiru, domin wannan silli huɗu kawai yake buƙata. Duk gidan da gwaji ya tsaya cak a 94 ko 95, kan kebul nake fara zargi, ko wani tsohon rami. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba matsala, in dai tagulla ce zalla. Akwai na alminiyam da aka shafa wa tagulla. Ka kankare silli da wuƙa, in ka ga fari a ciki, mayar da shi. Yana karyewa a lanƙwasa, kuma ba ya jure ɗaukar wutar da ake tura wa na'urar silin ta cikinsa.

Kafin mu tattara kaya akwai 'yan abubuwan da ba ma tsallakewa. Mukan canza kalmar sirrin shiga saitin rauta, ba ta Wi-Fi kaɗai ba, mu sa tsaro a WPA2 ko WPA3, mu kashe WPS, wato hanyar jona na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, mu buɗe wa baƙi layinsu daban. In an ƙara rauta a bayan ta kamfani, sai a kashe Wi-Fi na ɗaya, a bar ɗaya kawai tana raba wa na'urorin gida adireshi, wato lambar da ake gane kowacce da ita, in ba haka ba kyamara da firinta su riƙa ɓacewa. Kowane kebul muna manna masa sunan ɗakinsa, mu bar wa maigida takarda mai lambobin awon kowane ɗaki, don in ya kira bayan wata shida mu san ko wani abu ne ya canza. Masu gini kuma da suka neme mu tun kafin filasta, bututu kawai muke sa a binne daga wuri guda zuwa silin kowane hawa da bayan talabijin, a bar igiyar ja a ciki, kebul ɗin sai ranar da aka tare.