Kafin ka ce "wallahi gaskiya ne"

Ƙannena, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristo na ƙasar Girka ya ce da abu uku ake shawo kan mai sauraro: mutuncin mai magana, motsa zuciya, da hujja. Babu aibu a ko ɗaya. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka cike gurbin hujja da biyun farko, kuma ni na daɗe ina yin haka ina ganin iya magana ce.

A watan Agusta na 2014, bayan Ebola ta shigo Legas ta jikin wani matafiyi daga Laberiya, waya ta yi ta ƙara cikin dare: a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Wanda ya kira ni dattijo ne da ban taɓa kama shi da ƙarya ba, muryarsa na rawa. Wannan ya ishe ni. Na tashi gida kaf, na jiƙa gishiri a bokiti, na miƙa wa Hajiyarmu kofi, ita da take fama da hawan jini. Dattijon nan mai gaskiya ne, amma gaskiyar mutum ba ta mai da shi masanin cuta. Shi ma ji ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne washegari. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta ce gishiri ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, sai dai ya illata mai hawan jini. Ban taɓa maganarta ba, ita na taɓa. Na ce ai ko likita ba ta kai ba. Na ce duk gari an yi, ita kaɗai ce mai hankali? Da ta dage, na ce to ko mu sha ko mu zauna mu mutu, kamar babu hanya ta uku. 'Yan majalisa suka yi shewa, ta yi shiru ta shige gida. Sukar mutum maimakon zancensa, fakewa da yawan jama'a, ƙuntata zaɓi zuwa biyu: duka na aikata a zama ɗaya, aka kuma ce na yi nasara.

Daga baya har ina cewa ga shi babu wanda ya kamu a gidanmu. Ku kula da wannan sosai, don ya fi sauran kama da hujja. Abu ya biyo bayan abu ba ya nufin shi ya haifar da shi. Cutar ba ta iso Arewa ba ma, a Legas da Fatakwal ta tsaya. Abin da ya tare ta shi ne killace marasa lafiya da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su, da jajircewar irin su Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana a sallami majinyacin farko, ta kuma rasa ranta. A watan Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da cutar.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Malamin da ya rubuta Ahalari yana da littafin manɗiƙi (ilimin auna hujja) mai suna Sullam, inda ya raba hujjar hankali gida biyar, ya ware tabbataccen dalili daban da safsaɗa, wato zance mai kama da gaskiya. Ku nemi malami ku karanta shi.

Kafin nan, idan saƙo ya zo a WhatsApp ya sa gabanku faɗuwa ko ranku ɓaci, ku ajiye wayar tukuna, ku tambayi wanda ya turo daga ina ya samo, shi kuma wancan wa ya gaya masa. Idan musu ya haɗa ku da wani, ku fara maimaita masa maganarsa har ya ce "haka nake nufi", sannan ku ba shi amsa.