Shagarin da malaman makaranta ke tunawa

In ka ambaci Alhaji Shehu Shagari a gaban matasan yanzu, abin da ke zo musu a rai shi ne doguwar hula da shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa ƙarshen 1983. Mu da alli ya ci wa yatsu, wani Shagarin muke tunawa: wanda ya gama Kwalejin Kaduna a 1944, ya koyar da kimiyya a makarantar Midil ta Sakkwato, daga baya aka kai shi Argungu ya riƙe makaranta a matsayin hedimasta, kafin a zaɓe shi zuwa majalisar wakilai ta tarayya a 1954. A wancan zamani wannan ba baƙon abu ba ne. Sardauna ya riga shi koyarwa a wannan Midil ɗin, Tafawa Ɓalewa ya yi hedimasta a ta Bauchi, inda Malam Aminu Kano ma ya koyar. 'Yan boko ba su da yawa, kuma aji ne ƙofar da akasarinsu suka bi suka fito.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarsa ya faru ne bayan juyin mulkin Janairun 1966. Yana ministan ayyuka a Ikko soja suka kawar da gwamnatinsu, ya tattara ya dawo gida. Mutum irinsa yana iya zama a zaure yana karɓar gaisuwa, ga sarautar Turakin Sakkwato a kansa, har Allah ya kawo wani rabon. Sai ya karɓi aikin sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, asusun taimakon kai da kai wanda aka gina makarantu da shi a garuruwan lardin. Bayan nan ne ya zama kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma, har ya riƙe ma'aikatar ilimi, sannan gwamnatin Gowon ta kira shi tarayya a 1970.

A takarda, sakataren asusu layi ɗaya ne a tarihin mutum. Sai da aiki ya kai ni ga neman kwanon rufin aji daga hannun jama'a na san nauyin wannan layin. Duk wanda ya taɓa yi ya san sai ka fara da uban ƙasa, ka cire takalmi ka zauna ƙasa, ka jira a gama shari'ar gona da ta bashi kafin a waiwayo ka. Daga nan sai liman, don in bai faɗa bayan sallar Juma'a ba, maganarka ba ta shiga gari ba. Sai attajirin da zai ce ka dawo bayan kasuwa ta ci, ka dawo ya ce yaronsa bai kawo ciniki ba. Wani zai ba da buhun gero, wani azara, wani ya ce shi ba shi da ko sisi amma jakinsa zai yi jigilar yashi. Dole ka rubuta kowanne, ka kuma karanta a bainar jama'a, don ranar da aka fara raɗe-raɗin malam ya ci kuɗin makaranta, aikin ya mutu ko da ba ka ci ba. Tsohon minista ya yarda ya shiga irin wannan aiki, shi ya sa nake ganin girmansa a nan fiye da wasu manyan kujerun da ya hau. Maganar mulkinsa kuwa na bar wa masana siyasa, suna da abin faɗa ta kowane ɓangare.

Hedimastan da na fara aiki a ƙarƙashinsa mai takardar shaidar malanta ta Gireti Tu ne, irin waɗanda aka yaye da gaggawa lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976. Rabin aikinsa ba a cikin makaranta yake ba. Shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ke karanta musu takardar asibiti, in ƙidaya ta zo ko zaɓe ko rigakafi, a ƙofarsa jami'ai ke fara tsayawa. A farkon zangon karatu yakan ɗauki rajista mu bi mai unguwa gida-gida. Ban taɓa jin ya yi wa uba wa'azin amfanin boko ba. Sai ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi yadda dawa ta yi bana, can ya ce, "Alhaji, wannan ƙaramar fa, ka ba ni aronta da safe, kafin azahar na maido maka ita ta ɗauki tallarta." Da yawa sukan bayar, don sun san gobe su ma za su zo da takardarsu ya duba. Da muka kama hanyar komawa ya ce da ni, "Malam, mutumin da ba ka je jana'izar uwarsa ba, kada ka je neman ɗansa." Na daɗe ina juya wannan magana, don babu ita a cikin abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai.

Shirin 1976 ya kawo alheri mai yawa, ba mai musun haka. Azuzuwa sun tashi a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo baƙi ba. Amma ya zo da wani abu da har yau muke fama da shi: makaranta ta zama "ta gwamnati". Ajin da mutanen gari suka kwaɓa ƙasarsa da hannunsu, in iskar farkon damina ta yaye kwanonsa, kafin mako ya zagayo an hau an buga. Wanda ɗan kwangila ya zo daga birni ya gina ya tafi, sai ya shekara a buɗe, awaki na kwana ciki, wani ma ya zo da dare ya cire taga, kowa na jiran a zo daga sama. Shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. Kuɗi ne masu kauri. Sai dai kuɗi ba sa zuwa gidan Alhaji su roƙi aron yarinya.

Don cike wannan giɓin aka fito da kwamitocin kula da makaranta na al'umma, a sa mai unguwa da liman da wakilan iyaye mata da na ɗalibai. Tunanin mai kyau ne, kuma in ka duba, kusan abin da su Shagari suka yi ne aka sa masa tsari. Abin da na gani da idona shi ne, kwamitin da ke aiki kusan kullum za ka tarar akwai wani tsohon malami a cikinsa ko a bayansa, wanda ya koyar da kansilan yankin, ya koyar da shugaban matasa, yana iya kiran kowannensu da sunan yanka ya zo da gudu. Inda babu irin wannan mutum, kwamiti kan zama sunaye a fayil, ba a taruwa sai an ji labarin tallafi na tafe.

A nan ne nake da ƙorafi game da yadda muke tafiyar da malamai. Irin wannan ƙima ba ta samuwa sai mutum ya daɗe a wuri guda, ya ga yaran da ya koyar sun kawo nasu 'ya'yan. Yanzu kuwa malami na fara sanin gari sai takardar canjin wurin aiki ta iso, wani lokaci don kawai bai yi wa wani ɗan siyasa daɗi ba. Da yawa kuma a birni suke kwana, su hau babur su iso ƙarfe tara, kafin la'asar sun ɓace, ba suna ba biki ba ta'aziyya. Ban ga laifinsu duka ba, gidajen malamai na ƙauye sun rushe tun tuni, albashin kuma bai isa riƙe gida biyu ba. Dokar 2022 ta ƙara wa malamai shekarun aiki zuwa 40, ko shekara 65 da haihuwa. Da za a haɗa da barin hedimasta nagari ya zauna a garin da ya saba da shi, a gyara masa ɗakin kwana kusa da makaranta, da ƙarin shekarun sun fi amfani.

Ni dai duk makarantar da aka tura ni dubawa yanzu, kafin na buɗe rajista ko littafin shirin darasi nakan tambayi mai shayin bakin hanya ina gidan hedimasta yake. In ya nuna mini da hannu nan take, har ya ƙara da cewa yanzu yana wajen rabon gado a unguwar gabas, yawanci nakan tarar da yara cike da aji. In ya ce sai dai na tambayi masu babur, nakan shirya doguwar magana da kwamiti.