Shagunan Katako na Layin Shambles

A layin Shambles da ke birnin York, a Ingila, akwai gine-ginen ƙarni na 14 da na 15: a da, mahauci na sayar da nama a ƙasa, iyalinsa na kwana a bene. Da ɗanyen itacen oak, wata bishiya mai ƙarfin katako, aka haɗa ƙashin ginin. A huda wannan gungume, a sassaƙe bakin wancan a cusa, a kafe da turken itace. Benen kan turo gaba ya wuce shagon, ya yi wa nama inuwa.

Gungumen da ke kwance kan harsashi ne ke fara ruɓewa, balle in an yi faci da siminti, don yana tsare danshi a jikin katako. Yaɓen farar ƙasa ne daidai, shi ke barin bango ya bushe.