Akori-kurar Baba da allurar zafin da ban gyara ba

Peugeot 504 ce akori-kura, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu ya yi shekaru yana ɗaukar masara da taki da ita tsakanin Zariya da Giwa. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a ajiye a ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da 'yan'uwa suka fara maganar a sayar wa 'yan gwangwan, na ce a'a, ni zan tayar da ita, kuma ita zan riƙa hawa kullum, zuwa gona da kai yara makaranta.

Na kuwa tayar da ita. An yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasan ƙofofi aka yi walda, aka fesa farin fenti irin na asali, aka ɗinke kujera, aka sa tayoyi da batir, aka wanke kafireto, aka canza kwantak da fulogi. Wannan duk ya tafi lafiya. Abu biyu ne ban taɓa ba: lagireto da allurar zafi, wato wadda ke nuna zafin inji. Allurar a kwance take, ko an yi awa ana tafiya ba ta motsi. Bakaniken, dattijo ne da ya daɗe yana yi wa mahaifinmu aiki, ya ce min: "Ɗana, a kai lagireton nan a buɗe a wanke, a canza tiyo, a duba abin da ya kashe allurar." Na ce: "Baba, a bari sai ƙarshen wata, ai ba ta zubar da ruwa." Kuɗin aikin bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin fenti ba. Har yau idan na tuna amsar nan sai raina ya ɓaci.

Wata uku tana tafiya kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Tsofaffi kan tsayar da ni a gidan mai su shafa bodinta. Ƙarshen wata ya zo ya wuce sau uku, ban koma gareji ba.

Ran nan cikin watan Afrilu, da rana tsaka, na ɗauko buhun masara goma daga Giwa. Na wuce Shika kaɗan sai na ji ƙarfinta na raguwa, ga wani wari kamar na ƙonannen roba. Na dubi allura, tana kwance inda take kullum, sai na ci gaba, ina cewa bari in lallaɓa in kai Samaru. Wannan 'yar tafiyar ce ta cinye injin. Tiyon ƙasa ya riga ya tsage, ruwa ya tsiyaye a titi. Da ta tsaya da kanta, tururi na tashi, na ƙara wani kuskuren: na sayi ruwan leda mai sanyi na ɗura mata nan take. Kan injin 504 na alminiyum ne, jikin kuma ƙarfe, ba sa ɗaukar zafi daidai. Kan ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin injin ya ƙone, da muka zaro sandar baƙin mai sai ga shi ya koma kamar shayi da madara.

Janwe ya kai ta gareji, masara kuma sai hayar wata mota na yi. Bakaniken bai ce min komai ba, ya dai duba tiyon ya miƙo min. Sati biyar ta yi a wurinsa. Kan injin ya wuce a goge shi, sai da muka je Panteka a Kaduna muka samo na Beljiyam. Silindojin injin nan irin waɗanda ake zarewa ne, ruwa na zagaye su, kuma akwai abin da ke toshe gindinsu. Idan an cire kai dole a danne su kada su motsa, in ba haka ba ruwa zai riƙa bi ta nan yana shiga baƙin mai. Yaran da suka tashi da motocin zamani da yawansu ba su san wannan ba, shi ya sa nake cewa wanda zai riƙe irin motar nan ya fara neman bakaniken da ya tsufa da ita kafin ya nemi mai fenti. Da aka buɗe lagireton, kusan rabin bututunsa a toshe yake da tsatsa da dattin ruwan rijiya. Allurar kuwa, 'yar na'urar da ke jikin inji ce ta mutu, cikin rabin awa aka canza ta.

Kuɗin da na kashe ya zarce na fenti da kujera a haɗe, kuma ya faɗo daidai lokacin sayen taki.

Sauran wahalhalun hawanta kullum na san da su tun farko, ba sa damuna. Tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace fita sai na yi lissafi. Ba ta da na'urar sanyaya ciki, sitiyari da nauyi idan an zo juyawa a lungu, birki kuma yana son a ba shi tazara, musamman da kaya a baya. Kayan gyara akwai su, a Panteka ko Kofar Ruwa a Kano, amma sabon kwantak na jabu ya cika kasuwa, sai mutum ya je da wanda ya san kaya. A bayan kujera yanzu ba na rabuwa da fambel, tiyo biyu, kwantak, fulogi da jarkar ruwa.

Mai son tayar da tsohuwar mota don hawan yau da gobe, ya fara da ruwa, birki da wayarin, ya tabbatar kowace allura tana aiki. Fenti ya jira shekara ma. Idan ta yi zafi a hanya, a tsaya nan take, a ɗaga bonet, kada a buɗe murfin lagireto, kada a zuba ruwan sanyi sai injin ya huce. Ni yanzu ruwan lagireto na gora nake sa mata, na daina ɗebo na rijiya.

Ta dawo hanya tun damina. Kowace safiya kafin yara su shiga sai na duba ruwa da baƙin mai, in matsa tiyon ƙasa da hannu. Idan muka kai Shika babban ɗana ne ke leƙa allurar ya faɗa min inda take.