Apache Jena tana da lafiya, amma kafaɗun da ke ɗauke da ita ba su da yawa

Cikin 'yan shekarun nan gidauniyar Apache ta sallami manhajoji da dama daga cikin waɗanda aka gina don sarrafa bayanai masu haɗe da juna a intanet. Stanbol da Marmotta sun tsaya a 2020, Clerezza ta bi su a 2022, Any23 kuma a 2023. Duka an kai su ma'ajiyar da gidauniyar ke kira Attic, inda har yanzu za ka iya sauke su, sai dai babu mai gyara kuskure, babu mai toshe ɓaraka, babu sabuwar siga. Jena ce ta rage a tsaye, kuma ita ce mafi tsufa a cikinsu. Don haka duk mai shirin ɗora bayanan bincikensa ko na ma'aikatarsa a kanta yana da haƙƙin ya tambaya ko ita ma tana kan hanyar Attic ɗin ne.

Amsata ita ce a'a, ba yanzu ba, amma akwai sharaɗi.

Ga wanda bai saba da fagen ba, ƙa'idar RDF tana ajiye kowane bayani a matsayin jimla mai gaɓa uku: abu, dangantaka, da abin da aka danganta shi da shi. Nijar, babban birninta, Yamai. Abubuwa da dangantakoki suna samun adireshi na dindindin, shi ya sa a Wikidata, buɗaɗɗen rumbun bayanai na gidauniyar Wikimedia, Nijar ita ce Q1032, "babban birni" kuma P36, ko da wane harshe mutum yake karantawa. SPARQL shi ne harshen da ake yi wa irin wannan tarin jimloli tambaya da shi. Jena kuwa tarin kayan aiki ce da aka rubuta da Java: RIOT mai karanta fayiloli da rubuta su, ARQ mai amsa tambayoyin SPARQL, TDB mai ajiya a kan faifai, sai Fuseki, sabar da ke buɗe duk wannan ga masu tambaya ta intanet, wadda ke saurare a tashar 3030 idan ba a canza mata ba.

An fara ta ne a ɗakin binciken kamfanin HP da ke Bristol a Ingila a shekarar 2000. HP ya janye hannunsa a 2009, ta shiga renon Apache a ƙarshen 2010, ta zama cikakken aiki mai cin gashin kansa a watan Afrilun 2012. Wannan tarihin yana da amfani, domin ya nuna ta riga ta tsallake abin da ke kashe yawancin irinta, wato ranar da kamfanin da ke biyan albashin masu gina ta ya ce ya gaji. Sawun HP ya daɗe a jikinta: sai a siga ta 3.0.0 a 2015 aka canza sunayen fakitocin daga com.hp.hpl.jena zuwa org.apache.jena. Idan ka ci karo da darasi a intanet mai tsohon sunan, ka san ya haura shekara goma, kada ka ɓata lokacinka a kansa.

Ma'aunin lafiya mafi gaskiya a tsarin Apache shi ne iya fitar da siga. Ba mutum ɗaya ne ke danna maɓalli ba. Mai kula da fitarwa yana haɗa sigar gwaji, ya sa mata hannun lantarki, ya wallafa lambar tantancewarta, sannan a buɗe ƙuri'a ta aƙalla awa 72. Dole a samu amincewar mutum uku daga kwamitin gudanarwar aikin, kuma masu amincewa su fi masu ƙi yawa. Kwamitin yana kuma miƙa rahoto ga hukumar gidauniyar duk wata uku, kuma rahotannin suna fitowa fili cikin bayanan taronta. Aikin da ya kasa tara mutum uku masu duba siga su kaɗa ƙuri'a ya mutu ke nan, ko da manhajar tana aiki sumul. A kan wannan ma'aunin Jena ba ta da abin kunya. Daga 4.0.0 a Afrilun 2021 zuwa 4.10.0 a ƙarshen 2023 ta fitar da manyan sigogi 11, kusan ɗaya duk wata uku, sannan 5.0.0 ta fito a Maris na 2024.

Ma'auni na biyu shi ne ranar tashin hankali. A Disambar 2021 aka gano ɓarakar Log4j da ta girgiza duk duniyar Java, kuma Fuseki tana amfani da wannan manhaja ta Log4j wajen rubuta bayanan abin da ke gudana. Kafin watan ya ƙare an fitar da 4.3.1 da 4.3.2. A 2023 kuma aka gano cewa damar gudanar da JavaScript daga cikin tambayar SPARQL tana iya zama ƙofar shigar mugu, aka ƙara ɗaure ta a 4.8.0 da 4.9.0. Wanda har yau yake kan wata siga ta 3 yana iya kasancewa zaune da waɗannan ƙofofi a buɗe, domin al'adar aikin ita ce a sa gyara a sabuwar siga, ba a komawa baya a yi wa tsofaffi faci.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne yadda suke yanke abin da ba za su iya riƙewa ba. SDB, wadda ke ajiye RDF cikin rumbun SQL, da Elephas mai haɗa Jena da Hadoop, tsarin sarrafa manyan bayanai a kan kwamfutoci da yawa, duka an ajiye su bayan 3.17.0. Wasu sun ji zafin hakan, amma manomin da ya san ƙarfinsa gara ya rage gona ya nome ta tsaf da ya bar ciyawa ta cinye duka. Haka suke yi da Java ma: siga ta 4 tana buƙatar Java 11, ta 5 tana buƙatar Java 17.

Ƙaura zuwa siga ta 5 tana da wuraren tuntuɓe da ya kamata a sani tun kafin a fara. Na farko, an koma daga fakitocin Java masu suna javax zuwa na jakarta, don haka mai gudanar da Fuseki a cikin sabar Tomcat 9 sai ya haura zuwa Tomcat 10, in ba haka ba za ta ƙi tashi. Na biyu, an cire tsohon injin JSON-LD 1.0, wato salon rubuta RDF da tsarin JSON, sai na 1.1 kaɗai ya rage. Na uku shi ne mai shiga a ɓoye: a da, tarin jimlolin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta yana ɗaukar lambar 1 da 01 a matsayin abu ɗaya wajen nema, yanzu kuwa yana bambanta su. Manhajarka ba za ta yi ƙara ba, sakamako ne kawai zai ragu. TDB2, sabon nau'in TDB, kuma nata halin daban ne, domin tana cusa ƙimar lamba kai tsaye cikin lambar shaidarta, sai 01 ta dawo maka a matsayin 1. Shi ya sa lambar waya mai farawa da sifili, ko lambar rajista, dole a ajiye ta a matsayin rubutu tun daga farko.

Yanzu sharaɗin. Duk wanda ya buɗe tarihin gyare-gyaren Jena a GitHub zai ga suna ɗaya ya mamaye shi: Andy Seaborne, shugaban kwamitin aikin, wanda kuma yana cikin editocin ƙa'idar SPARQL ta 2008 da ta 2013. Alheri ne babba, domin mai rubuta ƙa'ida shi ke rubuta injin, shi ya sa ARQ ke bin ƙa'idar sau da ƙafa. Haɗari ne kuma a lokaci guda. Akwai wasu masu ba da gudummawa ta gaske, an samu sababbin hannaye a sashen ajiya cikin ƙwaƙwalwa, da shafin sarrafa Fuseki, da GeoSPARQL mai kula da bayanan wurare. Amma zurfin sanin cikin TDB2 da mai tsara tambayoyi na ARQ bai yaɗu sosai ba. Misalin Blazegraph, wata manhajar ajiye RDF, yana nan a gabanmu: masu gina ta sun koma Amazon, ci gabanta ya tsaya, ita kuwa Wikidata da ta ɗora sabis ɗin tambayoyinta a kai ta shiga neman mafita na shekaru, har ta kai ga raba bayananta gida biyu a 2025 don rage nauyi. Bambancin Jena shi ne babu kamfanin da ya mallake ta, lasisinta na Apache 2.0 ne, kuma hanyar shigar sabon mutum kwamiti a buɗe take. Sai dai buɗaɗɗiyar hanya ba ta kawo mutum da kanta.

Yawancin koke-koken da ake kaiwa cewa Jena ta lalace, in aka bincika, rashin sanin halin TDB2 ne, kuma kowane irin koken yana cin lokacin waɗannan 'yan tsirarun. Kowace jimla ana rubuta ta a fihirisa uku, SPO da POS da OSP, wato gaɓoɓin uku a jeri daban-daban, idan kuma tana cikin rukunin jimloli mai suna sai a rubuta ta a shida. TDB2 ba ta goge tsohon shafi idan an yi canji, sabo take rubutawa ta bar tsohon, don mai karatu ya ci gaba da ganin cikakken hoto yayin da mai rubutu ke aikinsa. Sakamakon haka rumbun girma kawai yake yi, ko da share bayanai kake yi. Ƙananan rubuce-rubuce dubu sun fi kumbura shi nesa ba kusa ba a kan babban rubutu ɗaya mai ɗauke da jimloli iri ɗaya, don haka a tara canje-canje a tura su dunƙule. Maganin kumburin shi ne matsewa, da tdb2.tdbcompact idan sabar tana kashe, ko ta adireshin /$/compact/ idan tana aiki. Matsewar tana gina sabon kundi, Data-0002, a gefen Data-0001, kuma ba ta share tsohon sai an ce mata deleteOld. Ma'ana kana buƙatar sararin da zai ɗauki biyun a lokaci guda. Wanda ya jira sai faifai ya cika sannan ya tuna da matsewa ya makara. A Windows kuma share tsohon kundin yakan ƙi yiwuwa muddin Java tana riƙe da fayilolin.

Kuskure na biyu da ya yi yawa shi ne bai wa Java dukan ƙwaƙwalwar na'ura. TDB2 tana dogara ne da tsarin kwamfutar ya riƙe mata fayilolin fihirisa a sauran ƙwaƙwalwar da ta rage. A na'ura mai gigabait 16, ka ba Java kamar 4 ka bar sauran, sai in tambayoyinka masu jera sakamako mai yawa ne. Ka ba ta 15, za ka ga komai ya yi nauyi. Na uku, manhaja ɗaya ce tak ke da izinin buɗe rumbu a lokaci guda, fayil ɗin tdb.lock shi ke tsaron wannan. Goge shi da hannu don a buɗe rumbun da wata manhajar yayin da Fuseki ke aiki hanya ce ta lalata bayanai, kuma lalacewar ba lallai ta bayyana a ranar ba. Haka kwafe kundin rumbu yana tsaka da aiki. Kwafin ajiya na gaskiya ana ɗaukarsa ta /$/backup/, ya fito a matsayin matsattsen fayil na N-Quads, salon rubutu mai jimla ɗaya a kowane layi, wanda kowace siga za ta iya karantawa.

Wajen loda bayanai masu yawa, a fara wuce fayil ɗin ta riot --validate. Adireshi ɗaya mai ɗauke da tazara a layi na miliyan ashirin ya isa ya tsayar da aikin awanni. Sannan a yi amfani da tdb2.tdbloader a kan rumbu wanda sabar ba ta riƙe da shi, in bayanan sun kai biliyoyi kuma a duba tdb2.xloader. Idan an loda komai cikin rukunoni masu suna, tambayar farko za ta dawo fayau, mutum ya ɗauka lodin ya faɗi. Bai faɗi ba, rukunin asali ne babu komai a cikinsa, sai an kunna unionDefaultGraph a fayil ɗin saiti. Kafin a buɗe sabar ga jama'a kuma a sa iyakar lokacin tambaya da arq:queryTimeout, a duba shiro.ini, fayil ɗin da ke tsara izinin shiga, a rufe damar rubutu, a kuma kashe SERVICE, umarnin SPARQL mai tura tambaya zuwa wata sabar, in ba a buƙatarsa, domin da shi baƙo zai iya sa sabarka ta leƙa wasu na'urori na cikin gida.

Mai ajiye bayanan Hausa yana da ƙarin abu ɗaya. Rubutu yana ɗaukar alamar harshe, "Ƙaramar hukuma"@ha, kuma Jena tana riƙe ɓ da ɗ da ƙ daidai muddin fayil ɗin UTF-8 ne. Matsalar tana wajen nema: yawancin masu waya za su rubuta karamar, SPARQL kuwa haruffa biyu daban take gani. A sashen jena-text, wanda ke kan Lucene, injin neman rubutu, ana iya saita matatar ASCIIFoldingFilter ta mayar da ƙ zuwa k da ɗ zuwa d a fihirisar nema kaɗai, ainihin rubutun ya zauna da lanƙwasarsa. Sai a tuna cewa bayan haka kafa da ƙafa za su fito tare.

Gwajin da ke gaban aikin shi ne RDF 1.2 da SPARQL 1.2, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta kafa wa kwamiti a 2022. Jena ta karɓi RDF-star, wato yin magana a kan jimla ita kanta, tun kafin ƙa'idar ta nuna, ga shi kuma ƙa'idar ta sauya fasali a hanya: jimlar da ake magana a kanta yanzu a gaɓa ta uku kaɗai take zama, ana isa gare ta ta rdf:reifies. Wanda ya yi gaggawar gina bayanansa a kan tsohon salon yana da aikin juyawa a gabansa, kuma ina ganin wannan canjin ne zai fi jawo koke.

A nan mai amfani da Jena yake da abin yi wanda ba ya buƙatar ya iya cikin injin. Idan aka sanar da sigar gwaji, kwanaki ukun nan na ƙuri'a kowa na iya sauke ta. A ɗauki kwafin ajiya na ainihin bayanai, a loda shi a rumbu sabo a wata na'ura, a gudanar da tambayoyin da aka fi dogara da su a tsohuwar siga da sabuwa, a kwatanta adadin sakamako da lokacin da kowace ta ɗauka. In an ga bambanci, a rage bayanan zuwa jimloli kaɗan da har yanzu ke nuna matsalar, a haɗa da tambayar, da lambar sigar Jena da ta Java, da fayil ɗin saiti, a kai rahoton a GitHub kafin ƙuri'ar ta rufe.